Auna Aikin Kasuwanci: Tambayoyin da Masu Shago, Teloli da Masu Masana'anta Suka Fi Yi

Na daɗe ina zama da masu ƙananan sana'o'i muna duba littattafan cinikinsu, daga mai gidan burodi zuwa mai injin casar shinkafa, zuwa matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta waya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakinsu. Duk inda na ce "a ce", misali ne na kawo don lissafi ya fito fili, sai kowa ya sa nasa alƙaluman a gurbin.

Malam, ni ina ganin ciniki na tafiya, kuɗi na shigowa kullum. Me zai sa in tsaya aune-aune?

Alhaji, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, wannan gaskiya ne, kuma da shi iyayenmu suka riƙe kasuwa shekara da shekaru. Sai dai idon yana aiki ne muddin kana zaune a shagon, kana ganin kowane mai saye, kana sanin kowane buhu. Ranar da ka buɗe reshe na biyu, ko yaranka suka kai goma, ko aka fara aiko maka da oda ta waya da tsakar dare, idon ya daina isa ko'ina. Daga nan abin da kake sani shi ne abin da aka ga dama aka faɗa maka.

Kuɗin da ke shigowa kuma labarin jiya yake ba ka. Kwastoman da ya jira minti arba'in jiya ya biya ka, kuɗinsa na cikin aljihun tebur, amma ya riga ya yanke shawarar ba zai dawo ba. Sai bayan wata uku ko huɗu za ka ga giɓin a ciniki, lokacin ya zama ɗan gida a wani shagon. Awo yana nuna maka jiran nan tun ranar da ya faru, tun ana iya kiran mutumin a ba shi haƙuri.

To da me zan fara?

Ka fara da abin da mai saye yake ji a jikinsa. Shi bai damu da yawan ma'aikatanka ko tsadar dizal ɗinka ba. Abu huɗu ne a ransa: an ba shi a lokacin da aka ce, an ba shi cikakke, kayan na da kyau kamar na wancan karon, kuma an yi masa magana da mutunci. Ka zaɓi ma'auni ɗaya a kan kowanne. Sannan ka ƙara biyu na cikin gida, wato nawa ne ke lalacewa ko komawa asara, da kwana nawa kuɗinka ke yi a waje kafin ya dawo hannunka.

Shida ke nan, kuma ko su ma ban ce ka ɗauke su rana ɗaya ba. Na ga mutane da dama sun zana takarda mai layi talatin cikin zumuɗi, suka cika ta mako biyu, ta koma abin naɗe ƙosai. Ma'auni uku da ake rubutawa kullum har shekara sun fi talatin da aka watsar. Gwajin da nake yi wa kowane ma'auni shi ne: in wannan lambar ta lalace gobe, wa zai tashi, kuma me zai yi? In babu amsa, a ajiye ta.

Ina jin 'yan ofis suna cewa KPI. Wani abu ne daban?

A'a. Gajarta ce ta Turanci da ke nufin manyan alamomin da ake duba lafiyar aiki da su. Mai gidan burodin da ke ƙirga burodin da ya ƙone kowace safiya yana da nasa, ko bai taɓa jin sunan ba. A 1992 wasu Amurkawa biyu, Robert Kaplan da David Norton, suka fito da tsarin da ya ce kada a tsaya kan kuɗi kaɗai, a duba fuska huɗu: kuɗi, kwastoma, yadda aiki ke gudana a cikin gida, da yadda ma'aikata ke ƙaruwa da ilimi. Manyan kamfanoni suka rungume shi. Kai ma abin da za ka ɗauka a ciki shi ne kada ma'aunanka su taru duka a gefen aljihu.

Littafina ya nuna ciniki ya ƙaru a kan na bara, amma kaya a sito sai raguwa suke. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin ta cinye jarin mutanen kirki da yawa ba su ankara ba. Matsalar ita ce mudun da kake awo da shi ne ya ƙanƙance. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. A ce a wannan shekarar cinikinka ya tashi daga naira miliyan 10 zuwa miliyan 12 da rabi. A takarda ka ƙaru da kashi 25. In farashin kayanka ya bi sahun sauran, a zahiri kayan da suka fita daga shagon sun ragu da kusan kashi 7. Kai kuma kana ta ɗibar abin da ka ɗauka riba ce kana hidimar gida, alhali uwar kuɗi kake ci.

Maganin shi ne ka riƙa awo da abin da ba ya canjawa. Buhu nawa suka fita, yadi nawa, katan nawa, mutum nawa suka saya. Naira ta zo a layi na biyu. Haka nan wajen lissafin riba, kada ka kwatanta farashin da ka sayar da wanda ka saro a wancan lokacin. Ka kwatanta shi da abin da za ka biya yau in za ka mayar da kayan gurbinsu. 'Yan sari na kasuwannin Singa da Dawanau a Kano sun san wannan sarai, shi ya sa suke kiran waya su ji farashin safe kafin su buɗe baki. Ƙananan 'yan kasuwa ne suka fi faɗawa ramin.

Ni tela ne. Duk Sallah sai na yi faɗa da mutane kan alkawari, alhali ba ma barci. Akwai awon da zai taimake ni?

Akwai, kuma lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Wani masani ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar da shi a 1961: tsawon jiran mai jira daidai yake da yawan aikin da ke gabansa in aka raba da yawan abin da ake gamawa a rana. A ce kai da yaranka kuna gama kaya kala 5 a rana. In akwai kala 30 a jibge, wanda ya kawo yau sai bayan kwana 6. In azumi ya raba tsakiya ka karɓi kala 120, sai bayan kwana 24, ko da wane baki ka yi masa alkawari. Saura kwana 15 Sallah, ke nan kala 45 ba za su samu ba, kuma an san haka tun ranar karɓa.

Don haka lamba biyu nake so ka rubuta a bangon shago: abin da ke jiran ɗinki, da abin da ake gamawa a rana, na gaskiya, tare da ranakun da aka ɗauke wuta da ranar da mai aikin wuya bai zo ba. In ka raba ta farko da ta biyu ka ga ta wuce ranar Sallah, ka rufe karɓa. Na san da nauyi ka ce wa maƙwabci ko surukinka babu wuri. Amma wanda ka mayar da shaddarsa tun ranar 10 ga azumi zai kai wani wurin ya samu, ya kuma dawo maka bayan Sallah. Wanda ka riƙe masa har daren jajiberi, shi da iyalinsa ka rasa.

Wannan lissafin ya shafi mai gyaran waya, da kanikawa, da mai wanki da guga, da asibiti mai layi. Hanya biyu ce kawai ta rage jira, ko a rage abin da aka tara, ko a ƙara saurin gamawa. Ta farkon ta fi araha nesa ba kusa ba.

Injina yana aiki daga safe har dare. Ai babu sauran abin aunawa, ko?

Ƙarar inji ba ita ce aiki ba. Masana'antun Japan, ta hannun Seiichi Nakajima, sun fito da awo mai tambaya uku. Cikin awannin da aka tsara, nawa injin ya yi yana juyawa? Da yake juyawa, ya kai saurin da aka ƙera shi ya yi? Abin da ya fitar, nawa ne mai kyau tun karon farko?

A ce injin ruwan leda aka tsara masa awa 10. An rasa awa 2 tsakanin ɗaukewar wuta, tayar da janareta da canza nadin leda, saura kashi 80. Da yake tafiya, ana rage masa gudu don kada ya riƙa yaga leda, yana yin kashi 90 na ƙarfinsa. Cikin abin da ya fito kuma kashi 5 suna yoyo, mai kyau kashi 95. In ka ninka ukun, sakamakon kusan kashi 68 ne. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na injin da ka saya da kuɗinka ba ya yi maka komai, kai kuma kana tunanin ciyo bashi ka sayo na biyu.

A ƙasarmu dole a ƙara layi na musamman saboda makamashi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, kuɗin wuta da mai ya daina zama abin da ake jefawa cikin "sauran ƙananan kashe-kashe". Ka auna litar dizal nawa ko yunit nawa ke tafiya a kan kowane buhu da ka sarrafa. In lambar ta fara hawa alhali aikin bai canja ba, ko inji na neman gyara, ko ana barin janareta a kunne babu aiki, ko man yana bin wata hanya.

Yaya zan san ko kayana sun yi yawa a sito, ko bashin da nake bayarwa ya wuce ƙima?

Ka mayar da su kwanaki. A ce kana da kayan miliyan 6 a sito, kuma a wata kana sayar da abin da ka saro a miliyan 2. Kayanka na kwana 90 ke nan kafin su fita. Masu karɓa bashi suna kai wata guda kafin su biya, kwana 30. Kai kuma wanda ke ba ka kaya yana ɗaga maka ƙafa kwana 14. Tara 90 da 30, cire 14, ka samu 106. Kowace naira da ka zuba sai ta yi kwana 106 kafin ta dawo ta sake juyawa, ba ta kai zagaye huɗu a shekara. Maƙwabcinka mai ƙaramin jari da ke juya nasa duk kwana 30 zai iya fin ka samu ko da ribarsa a kan kowane kaya ba ta kai taka ba.

Kada ka tsaya kan jimla. Ka bi kaya kala-kala, ka sa ranar shigowar kowanne. Za ka tarar wasu na fita cikin mako, wasu sun yi kwantai tun bara suna cin wuri da ƙura. Waɗannan a karya farashinsu a fitar, kuɗin ya koma kan masu tafiya. Shi kuwa bashi, a rubuta shi da ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka babu abin kunya in ka buɗe littafi a gaban ɗan'uwa. Duk ƙarshen wata ka raba masu bashi uku: waɗanda lokacinsu bai yi ba, waɗanda suka wuce da wata ɗaya, da waɗanda suka wuce wata uku. Rukuni na uku shi ne wanda ya kamata ya hana ka barci.

Duk wanda na tambaya sai ya ce "Alhamdu lillahi, ba matsala." Ta yaya zan san gaskiyar zuciyar kwastoma?

Mutanenmu akwai kunya da kara. Mutum ba zai kalli idonka a shagonka ya ce burodinka ya ragu da auki ba. Zai yi godiya, ya yi maka fatan alheri, gobe ya sayi na wani. Saboda haka awon da na fi yarda da shi ba a baki yake ba, a ƙafa yake: cikin waɗanda suka saya a watan jiya, nawa suka dawo wannan watan? In kana da 'yan sari 40 da ke ɗaukar kaya duk mako, sunayensu a littafi ɗaya, ka duba wa ya ɓace, wa ya rage yawan abin da yake ɗauka. Wanda ya saba ɗaukar katan 20 ya koma 8 ya riga ya faɗa maka ra'ayinsa.

Akwai awon da kamfanonin duniya suka fi amfani da shi, wanda Fred Reichheld ya gabatar a 2003. Tambaya ɗaya ce: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka tura ɗan'uwanka ko abokinka wurinmu? Masu 9 da 10 masoya ne, masu 7 da 8 'yan ba-ruwanmu, daga 6 zuwa ƙasa waɗanda ransu bai yi daɗi ba. Sai a cire kason na ƙarshe daga kason na farko. A ce ka tambayi mutum 50, 25 masoya, 15 tsaka-tsaki, 10 masu ƙorafi: kashi 50 a cire kashi 20, maki 30. Yana da amfani in ana maimaita shi ana kwatanta wata da wata. Amma a wurinmu, in maigida ne da kansa ya yi tambayar, kowa 10 zai ba shi. A sa wani daban ya kira, ko a tura saƙo, kuma a haɗa da tambaya ta biyu wadda ta fi lambar daraja: "Wane abu ɗaya ne in muka gyara za ka fi jin daɗi?" Wannan tana ba mutum damar faɗin aibi cikin sigar shawara, ba tare da ya ji ya ci fuskar kowa ba.

Ba a kawo mana ƙorafi sosai. Ba alama ce mai kyau ba?

Ba lallai ba. Wani lokacin yana nufin mutane sun gwada sun ga ba a sauraro, ko yaran shago ne ke shanye maganar kafin ta iso ka. Ka manna lambar wayar da ke hannunka a inda kowa zai gani. Sannan ka auna awa nawa ake ɗauka kafin a warware ƙorafi, kada ka auna yawansa da niyyar hukunta wani, domin ranar da ka yi haka za a daina rubutawa.

Ni a WhatsApp da Instagram nake sayarwa, ba ni da shago. Me ya shafe ni a nan?

Hajiya, ke ce ma kika fi kowa buƙata, domin mai sayenki bai taɓa ganin fuskarki ba, alkawarinki kaɗai ya riƙe. Ki auna minti nawa saƙo ke yi kafin a amsa shi. Ki auna cikin masu tambayar farashi mutum nawa ke turo kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma taransfa, don haka ki lura da tsawon lokacin da ke tsakanin shigowar alat da fitar kaya daga hannunki.

Babban awonki shi ne oda nawa suka isa babu tangarɗa ko ɗaya. Ga dalilin da ya sa nake haɗa su wuri guda. A ce cikin oda 10, 9 na isa a kan lokaci. Cikin 10, 9 na zuwa daidai kala da adadin da aka zaɓa. Cikin 10, 9 na isa ba a fashe ko jiƙe ba. Kowanne in an kalle shi shi kaɗai ya yi kyau, kashi 90. In aka ninka su, kusan kashi 73 ne kawai suka samu komai daidai. Wato fiye da mace ɗaya cikin huɗu da suka saya a wurinki tana da abin faɗa a gidan biki.

Ki riƙa rubuta ta hannun wa kowane saƙo ya bi, direban tasha ne ko mai babur, don ki san wanda ke jawo miki magana. In kuma kaya za su makara, ki riga mai su kira. Jiran da mutum ya san iyakarsa da dalilinsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda aka bar shi cikin duhu yana ta kiran waya ba a ɗagawa.

In na sa wa kowane yaro adadin da zai sayar, na ɗaura albashinsa a kai, ai za su dage?

Za su dage, amma a kan lambar, ko da ta hanyar da za ta rusa ka. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa ma'auni yana lalacewa da zarar an mayar da shi abin da dole sai an cim ma. Misalan da suka tabbatar da haka ba ƙanana ba ne. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatansa lamba kan yawan asusun da za su buɗe wa kowane kwastoma. Sai suka shiga buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, kusan miliyan 2 a ƙididdigar farko. A Satumban 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300, a 2020 kuma ya amince ya biya dala biliyan 3. Kamfanin Domino's ya shekara da shekaru yana alkawarin kai abinci cikin minti 30. A 1993 ya janye alkawarin a Amurka, bayan wata kotu a birnin St. Louis ta yanke a biya wata mata sama da dala miliyan 78 saboda direban kamfanin ya keta jar danja ya buge ta.

A shagonka abin zai zo da ƙaramar siga. Yaro zai tura wa mutum kayan da ba ya so, ya ba da bashi ga wanda ba zai biya ba don cinikin yau ya cika, ya ɓoye kayan da aka dawo da su. In za ka ba da lada, ka haɗa kowane ma'auni da wanda zai taka masa birki: yawan ciniki tare da kuɗin da aka karɓo a hannu, sauri tare da yawan abin da aka dawo da shi. Ya fi kyau kuma ladan ya zama na shagon gaba ɗaya, don kada yara su riƙa ƙwace wa juna kwastoma.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. W. Edwards Deming, Ba'amurken da ya koyar da shugabannin masana'antun Japan tun 1950, yakan yi wani gwaji a gaban ɗalibansa. Ya zuba duwatsun ado farare da jajaye a akwati, ɗaya cikin biyar ja ne. Ya ba mutane faranti mai ramuka 50 su riƙa ɗiba, ya ce fari kawai ake so. Wanda ya ɗebo ja kaɗan a yaba masa, wanda ya ɗebo da yawa a tsawata masa. A zagaye na gaba sai gwanin ya zama na baya, domin tun farko jajayen a cikin akwatin suke, ba a hannun mai ɗiba ba. Deming ya ƙiyasta cewa kashi 94 cikin 100 na matsalolin aiki daga tsarin suke, kuma tsari na maigida ne. Na taɓa zama a wani gidan burodi inda aka kori masu gashi biyu a jere saboda ƙonewa. Da muka fara rubuta daga wane ɓangaren tanda ƙonannun ke fitowa, sai ga shi kusan duka daga kusurwa ɗaya ce ta baya, inda wuta ta fi ƙarfi. Mutum biyu sun rasa abincinsu a kan laifin tanda, kuma har yau abin yana damuna.

Jiya ciniki ya faɗi sosai. In tara yara in yi faɗa?

Dakata tukuna. Kowace lamba tana hawa da sauka ko babu abin da ya faru. Walter Shewhart ya nuna wannan tun 1924 a masana'antar kayan tarho a Amurka: akwai kai-kawo na yau da kullum, akwai kuma wanda ke da dalili na musamman, kuma rikita su yana ƙara ɓata aiki. Ka zana cinikin kwana 30 a takarda mai layi, ka ga iyakar sama da ta ƙasa da ya saba yawo a ciki. In na jiya na cikin wannan fili, ka bar shi. In ya fita waje, ko ka ga kwana bakwai ko takwas a jere duk suna ƙasa da matsakaici, to akwai magana.

Ka kuma kwatanta abu da irinsa. Juma'a da Juma'a, ranar kasuwa da ranar kasuwa, azumin bana da na bara, damina da damina. Ƙarshen wata da aka yi albashi ba a haɗa shi da tsakiyar wata.

Na auna, na ga inda ake asara. Sai me?

Ka fara da mafi girma. Joseph Juran, masanin ingancin aiki, ya ɗauko lurar da masanin tattalin arziki Vilfredo Pareto ya yi, cewa kusan kashi 80 na filayen Italiya suna hannun kashi 20 na mutane, ya nuna haka matsalolin aiki suke: dalilai kaɗan ne ke haifar da yawancin ɓarna. Ka rubuta dalilin kowace dawowar kaya har wata guda, ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Biyun farko kawai za ka sa a gaba.

Sannan ka je wurin da ƙafarka, gani ya kori ji. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya koyar da tambayar "me ya sa" har sau biyar. Misalin da ya bayar shi ne inji ya tsaya. Me ya sa? Fis ya ƙone saboda nauyi ya yi yawa. Me ya sa nauyi ya yi yawa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turawa sosai. Me ya sa? Sandar famfon ta cinye tana lilo. Me ya sa ta cinye? Babu rariya, ɓurɓushin ƙarfe na shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko zai canza fis, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa. Wanda ya kai ta biyar rariya zai sa.

In ka samo abin da kake zato shi ne tushe, canja abu ɗaya tak, a reshe ɗaya ko na mako biyu, ka ci gaba da awo. In lambar ta gyaru, ya zama ƙa'idar gida, a koya wa kowa. In ba ta gyaru ba, ka koma yadda kake, asararka kaɗan ce. In ka canja abu biyar lokaci guda ba za ka taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Sai na sayi kwamfuta da manhaja?

Ba yanzu ba. Littafi mai bango mai ƙarfi, biro da agogon waya sun isa wata shida na farko. In rubutun ya zauna, ka koma Excel ko Google Sheets a wayarka. Manhajar da ake saya tana da amfani in rassa sun yi yawa ko kaya sun kai ɗaruruwan kala, amma abin da aka zuba mata shi take mayarwa. In yara ba su saba rubuta gaskiya a takarda ba, ba za su rubuta ta a kwamfuta ba.

Yarana sun ɗauka rashin yarda ne ya sa na kawo wannan tsarin. Yaya zan yi da su?

Suna da hujja, domin a wurare da yawa ba a buɗe littafi sai an yi ɓatan kuɗi. Ka tara su ka faɗa musu abin da kake son gyarawa, ka tambaye su me ke ɓata musu lokaci a aiki. Za ka sha mamakin abin da suka sani: sikelin da ke da matsala, dilan da ke kawo fulawa mai danshi, kwastoman da ya yi fushi ranar Talata. Ka bari su zaɓi ɗaya daga cikin ma'aunan da kansu, su ne kuma za su riƙa rubuta shi a allo inda kowa ke gani.

Abin da zai tabbatar musu shi ne ranar farko da wani ya kawo maka lamba mara daɗi. In ka daka masa tsawa, daga ranar littafinka zai cika da alƙaluma masu kyau da ba su da alaƙa da abin da ke faruwa. In ka ce masa madalla da ya faɗa, kuka tashi tare kuka je kuka duba, sauran suna kallo. Ka ware minti 15 duk safiyar Asabar kafin a buɗe ƙofa, a tsaya gaban allon, a duba lambobin mako, a zaɓi abu ɗaya da za a gwada, a faɗi sunan wanda zai kula da shi da ranar da za a sake dubawa.